Wa Zai Tsaya Wa Mai Gida Wajen Neman Diyyar Inshora Bayan Gobara?

Kowace shekara idan hunturu ya kama, iska ta bushe, labarin gobara yakan yawaita a garuruwan ƙasar nan. Manyan gobara su ne ake ji a rediyo, irin wadda ta cinye Kasuwar Sabon Gari ta Kano cikin watan Maris na 2016, da wadda ta tashi a babbar kasuwar Maiduguri cikin Fabrairu na 2023. Amma gidajen da suke ƙonewa ɗaya ɗaya, saboda wutar lantarki ta dawo da ƙarfi, ko an bar kaskon garwashi a ɗaki, ko tukunyar gas ta yi yoyo, ba wanda yake jin labarinsu sai maƙwabta. Cikin masu irin waɗannan gidaje akwai waɗanda suka yi tanadi, suka shiga inshora, suna biyan kuɗinta shekara shekara. Sai dai riƙe takardar inshora daban, karɓar diyya daban. Tsakanin ranar gobara da ranar biya akwai wani aiki da ake kira ƙiyasin asara, kuma a wajen wannan aiki ne mutane da yawa suke rasa wani kashi na hakkinsu, ba don an zalunce su ba, sai don ba su san yadda ake yinsa ba.

Wanda kamfani yake aikowa

Da zarar mai gida ya kai rahoto, in dai asarar tana da ɗan kauri, kamfanin inshora zai aiko da wani ƙwararre ya duba wurin. Ma'aikatan inshora suna kiransa ajasta, watau mai ƙiyasta asara. Aikinsa shi ne ya binciko abin da ya jawo gobarar, ya duba ko abin da ya faru yana cikin abubuwan da takardar inshora ta ɗauki nauyinsu, ya auna ɓarnar, sa'an nan ya rubuta wa kamfani rahoto ya faɗi adadin da ya ga ya dace a biya. A Nijeriya masu wannan sana'a suna da ƙungiyarsu, kuma Hukumar Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ce take yi musu rajista. Sana'ar daga Ingila ta zo, inda masu ita suka haɗa ƙungiya a 1941, lokacin da jiragen Jamus suke ruwan bama-bamai a kan Landan, ƙungiyar kuma ta sami takardar amincewar Sarauniya a 1961.

Ka'idar sana'ar ta ce mai ƙiyasi ya tsaya tsakani, kada ya karkata. Da yawa daga cikinsu suna riƙe da wannan amana. Duk da haka ya kamata mai gida ya san abu biyu. Kamfani ne ya aiko shi, kamfani ne kuma zai biya shi ladan aikinsa. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ba aikinsa ba ne ya tuna wa mai gida abin da ya manta. Idan mai gida bai ambaci keken ɗinkin da ya narke a ƙuryar ɗaki ba, ba za a rubuta shi ba. A ka'idar inshora, wanda yake neman diyya shi ne zai tabbatar da asararsa, ya kawo jerin kayan da suka salwanta da shaidar kuɗinsu. Wannan kuwa nauyi ne mai girma a kan mutumin da ya kwana a gidan ɗan'uwa da iyalinsa, ga jimami, ga 'yan jaje suna shiga suna fita.

Wanda mai gida yake ɗauka

Saboda wannan giɓi ne wata sana'a ta biyu ta samu a ƙasashen da inshorar gidaje ta daɗe da kafuwa. Mutum ne mai irin ilmin wancan na kamfani, amma mai gida ne yake ɗaukarsa, shi yake biyansa, shi kaɗai kuma yake yi wa aiki. A Ingila suna da suna dabam da suke kiransa da shi don kada a haɗa shi da na kamfani. A Amurka sunan da suke ba shi ma'anarsa mai ƙiyasi na jama'a. Kada sunan ya ruɗi kowa, ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ɗan kasuwa ne mai neman abincinsa. A nan za a kira shi wakilin mai gida.

A Amurka ne sana'ar ta fi ƙarfi, masu yinta sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa tun 1951, kuma jihohi ne suke ba su lasin, kowace jiha da dokarta. Galibi ba a biyansu da rana ko da wata. Ana yanka musu kaso ne daga abin da kamfani ya biya. Jihar Teksas ta hana kason ya wuce kashi 10 cikin 100. Jihar Filorida, wadda guguwar teku take yawan yi wa ɓarna, ta tsayar da iyaka a kashi 20, amma idan Gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci saboda wani bala'i, to, cikin shekarar da ta biyo baya ba za a karɓi fiye da kashi 10 ba. Har lokacin da aka yarda wakili ya je ƙofar mutane neman aiki dokar Filorida ta ƙayyade: daga Litinin zuwa Asabar, ƙarfe 8 na safe zuwa 8 na dare. Mai karatu zai gane da kansa cewa ba a yin irin waɗannan dokoki sai an ga abin da ya sa. Bayan kowace guguwa akan sami masu bin gidajen da suka rushe da takarda a hannu, suna neman sa hannun mutanen da hankalinsu bai dawo jikinsu ba. Haka kuma Teksas ta hana wakili ya shiga aikin gyaran gidan da shi ne ya ƙiyasta ɓarnarsa, domin wanda zai ci ribar gyara ba shi ya kamata ya faɗi kuɗin gyara ba.

A Nijeriya abin da aka fi sabawa da shi shi ne mai ƙiyasin da kamfani yake aikowa. Amma wannan bai hana mai gida neman wanda zai tsaya masa ba. Idan ta hannun dillalin inshora mai rajista ya shiga, to, dillalin nan shi ne farkon wanda zai nema, gama a ka'ida dillali wakilin mai saye ne, kuma bin diyya yana cikin hidimar da ya ci lada dominta tun ranar da aka ƙulla cinikin. Wannan ya bambanta da ejan, wanda yake sayar da inshorar kamfani da sunan kamfanin. Bayan dillali akwai masu ilmin lissafin kuɗin gini, waɗanda suke auna yawan bulo da siminti da katako da kwano da aiki zai ci, akwai kuma masu ƙiyasta darajar gidaje da filaye. Dukansu suna da hukumomin da suke yi musu rajista, kuma takardar da ɗayansu ya sa wa hannu da hatimi tana da nauyin da lissafin birkila a bayan kwalin siminti ba shi da shi, ko da kuwa birkilan ya fi shi sanin aikin.

Inda kuɗi suke zubewa

Amfanin wakili ba ya bayyana sai an san wuraren da diyya take raguwa. Mafi girmansu shi ne sharaɗin da yake cikin kusan kowace takardar inshorar gobara game da wanda ya rage darajar gidansa. A ce gida zai ci naira miliyan 40 kafin a sake gina shi, amma mai shi ya yi masa inshorar miliyan 20, ko don ya rage abin da yake biya, ko don tun shekarun baya ya rubuta adadin bai sake waiwayarsa ba. Gobara ta yi ɓarnar miliyan 10. Mai gida zai zaci tun da 10 ba ta kai 20 ba, za a biya shi duka. Ba haka ba ne. Kamfani zai ce rabin gidan ka kawo mana, rabin ka riƙe da kanka, saboda haka rabin asarar za mu biya, watau miliyan 5. A 'yan shekarun nan da farashin siminti da rodi ya ninka, musamman tun daga 2023, gidaje da yawa sun faɗa cikin wannan hali masu su ba su sani ba. Wakili ba zai iya soke sharaɗin ba. Abin da zai iya shi ne ya yi jayayya a kan adadin da aka ce shi ne darajar gidan, domin idan mai ƙiyasin kamfani ya ce miliyan 50 alhali 40 ne, diyyar za ta sauka daga 5 zuwa 4. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa, cewa kuɗin fili ba ya cikin lissafi, tun da fili ba ya ƙonewa. Gida a unguwa mai tsada yana iya yin miliyan 100 a kasuwa, ginin da yake kai bai wuce 40 ba.

Na biyu shi ne ragin tsufa. Manufar inshora ita ce a mayar da mutum inda yake kafin asara, ba a fifita shi ba. Don haka firjin da ya shekara 8 ba za a biya shi da kuɗin sabo ba, sai fa in takardar ta faɗi a fili cewa za a maye tsoho da sabo. Nawa za a rage? A nan ma ra'ayi ne, kuma ra'ayi yana karɓar ciniki. Kwanon rufi da aka sa shekara 3 da suka wuce bai kamata a yi masa ragin na shekara 20 ba, amma sai an kawo shaidar ranar da aka sa shi.

Sa'an nan akwai ɓarnar da ido ba ya gani a rana ta farko. Bangon da wuta ta gasa yana iya tsayawa kyam, a shafe shi da fenti, damina ta zo ya tsage. Wayoyin lantarki da suke cikin bango sukan narke a ɗakunan da wuta ba ta shiga ba. Ruwan da 'yan kwana-kwana suka zuba yakan jiƙa silin da katifu da littattafai, kuma wannan ɓarna a ka'ida tana cikin ɓarnar gobara, haka ma ƙofar da aka ɓalle don a kashe wutar. Mutumin da bai san haka ba sai ya lissafa abin da ya zama toka kaɗai, ya bar sauran.

Batun kayan ɗaki yana bukatar a tsaya a kansa, saboda yadda gidajen Hausawa suke. Inshorar gini daban take da ta kayan da suke ciki. Wanda ya yi ta gini kaɗai, ba za a biya shi ko tabarma ba. Ɗan haya kuma kada ya dogara da inshorar mai gidan da yake haya, domin ba ta shafi kayansa ba. A gidan da aka yi ta kaya, sau da yawa dukiyar da ta fi yawa tana ɗakunan mata: gado, kujeru, kwanuka da tangaran, atamfofi da leshi na lefe, sarƙa da 'yan kunne na zinariya. Kayan nan na matan ne, iyayensu ne suka yi musu ko su suka tara, kuma su kaɗai suka san adadinsu. Ba daidai ba ne maigida ya zauna a zaure shi da baƙo su rubuta jeri ba a tambaye su ba. A sani kuma cewa takardu da yawa suna sa iyaka a kan abin da za a biya na zinariya da makamantanta in ba a ambace su tun farko ba, tsabar kuɗi kuwa galibi ba a biyansu sam. Wanda ya buɗe shago a jikin gidansa, ko yake ajiye jarkokin fetur na sayarwa, bai kuwa gaya wa kamfani ba, yana iya rasa diyyar gaba ɗaya, kuma ba wakilin da zai cece shi.

Haka nan takardar gobara zalla ba ta ɗaukar ambaliya ko iskar da ta yaye rufi, sai an ƙara su da ƙarin kuɗi. Ambaliyar 2012 da ta 2022, da wadda ta shiga Maiduguri cikin Satumba na 2024 bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, sun isa su sa kowane mai inshora ya buɗe takardarsa ya duba wannan layi tun ruwa bai zo ba.

Shin ɗaukar wakili yana da riba?

Ba kullum ba. Lissafi ne zai nuna. A ce kamfani ya yi tayin naira miliyan 8. Mai gida ya ɗauki wakili a kan kashi 10 cikin 100 na duk abin da aka biya. Idan wakili ya kai diyyar miliyan 10, zai ɗauki miliyan 1, mai gida ya tashi da 9, ya sami ƙarin miliyan guda. Amma idan iyakar abin da ya iya shi ne miliyan 8 da rabi, ladansa naira 850,000 ne, mai gida ya tashi da miliyan 7 da 650,000, ƙasa da abin da aka yi masa tayi tun farko. Saboda haka wanda ya riga ya sami tayi a rubuce, ya fi masa kyau ya nemi a yanke ladan a kan ƙarin da wakili ya jawo kawai, ko kuwa a yi jinga a kan adadi tsayayye. Ladan nan kuwa daga aljihun mai gida yake fita. Wasu takardu suna ɗaukar kuɗin injiniya da mai zanen gini da za su kula da sake ginin, amma ba safai suke ɗaukar kuɗin wanda ya shirya neman diyya ba.

Idan ɓarnar ƙarama ce, misali kicin ne ya yi baƙi, ko kuwa gidan ya ƙone ƙurmus kuma kamfani ya yarda zai biya cikakken adadin da ke takarda, ba a bukatar kowa, domin ba a biyan fiye da wannan adadi ko wa aka ɗauko. Inda wakili yake da amfani shi ne ɓarna mai yawa wadda ba ta gama da gidan ba, inda ake jayayya a kan abin da za a rushe da abin da za a gyara, ko inda mai gida tsoho ne, ko marar lafiya, ko magada ne da ba su taɓa ganin takardar ba sai ranar. Idan kuwa kamfani ya ce sam ba zai biya ba, don a ganinsa an karya wani sharaɗi, magana ta bar hannun mai ƙiyasi ta koma hannun lauya.

Kafin a ɗauki kowa, a nemi ganin shaidar rajistarsa, a tabbatar da ita a wurin hukumar da ta bayar, a kuma tambayi waɗanda ya taɓa yi wa aiki. Yarjejeniya ta zama a rubuce, ta faɗi lada da yadda za a raba gari in ba a daidaita ba. Kuɗin diyya su shiga asusun mai gida da sunansa, shi ya biya wakili daga baya. Wanda ya zo tun hayaƙi bai kwanta ba yana cewa a sa hannu yanzu, da wanda ya yi alkawarin adadi tun bai karanta takardar ba, a sallame su. Wanda ya fi su haɗari shi ne mai ba da shawarar a ƙara kayan da ba a taɓa mallaka ba, ko a buga rasidin ƙarya, wai tun da kamfani zai rage gara a hau sama. Takardun inshora suna da sharaɗin cewa duk wanda ya shigar da ƙarya cikin nemansa ya zubar da hakkinsa dukansa, har na gaskiyar, ban da tuhumar zamba da take iya biyo baya. Kuma mai gida ne ya sa hannu, ba mai shawarar ba.

Abin da ba ya jiran wakili

Ko za a ɗauki wakili ko ba za a ɗauka ba, akwai abubuwan da suke kan mai gida tun rana ta farko. Ya sanar da kamfani nan da nan, ya bi da wasiƙa ya riƙe kwafi, domin takardar takan ƙayyade kwanakin da za a kawo cikakken bayani. Ya nemi rahoton 'yan kwana-kwana, da na 'yan sanda in ana zargin hannun wani. Ya ɗauki hoton kowane ɗaki da wayarsa kafin a taɓa komai. Al'adar taimakon juna takan sa 'yan'uwa da maƙwabta su taru washegari su kwashe tarkace su share wuri. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma tarkacen nan su ne shaida. A ba su haƙuri har mai ƙiyasi ya zo ya gani. Abin da aka yarda, har ma ake bukata, shi ne a hana ɓarna ƙaruwa: a rufe inda ruwa zai shiga da tamfol, a sa mai gadi, a ajiye rasidin abin da aka kashe. Inda rasidin kaya ya ƙone, hotunan biki da na suna da aka ɗauka cikin ɗakunan, da saƙon banki na ranar da aka saya, sukan tsaya a madadinsa.

A ƙarshen ciniki kamfani zai kawo takardar sallama, wadda take cewa mai gida ya karɓi adadi kaza a matsayin cikakken biya. Wanda ya sa mata hannu ya rufe ƙofa, da wuya a sake buɗe ta ko da bango ya tsage bayan wata biyu. Don haka in za a nemi wakili, kafin wannan takarda za a neme shi. Mai gida yana da damar ya nemi a nuna masa yadda aka kai ga adadin, layi layi, da dalilin kowane ragi.

Dokar Inshora ta 2003 ta ba kamfani kwana 90 daga ranar takardar sallama ya biya, ta kuma wajabta masa ya rubuta dalilinsa in ya ƙi ɗaukar nauyi. A watan Agusta na 2025 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta maye gurbinta, kuma hana jinkirin biyan diyya yana cikin manyan manufofinta. Wanda aka ja wa rai, ko bai gamsu da abin da aka yanke masa ba, sai ya fara rubuta wa shugabannin kamfanin. In bai sami biyan bukata ba, ya kai kukansa sashen karɓar koke na NAICOM, wadda hedkwatarta take Abuja, ya haɗa da kwafin takardar inshora, da shaidar biyan kuɗinta, da duk wasiƙun da suka gudana. Shaidar biya kuwa ita ce farkon abin da za a duba, domin tun Janairu na 2013 hukumar take tilasta ka'idar cewa wanda bai biya kuɗin inshora ba, ba shi da inshora. Waɗanda suka shiga takaful, watau tsarin da ya dace da shari'ar Musulunci, wanda hukumar ta fitar da ka'idojinsa a 2013, su ma ta wannan hanya za su bi, domin a can ma ana aiko da mai ƙiyasi, ana kuma sa hannu a takardar sallama.